Malam Kunne Ba Surukin Kowa Ba Ne

Shekarata ashirin da shida ina aikin jinya a Gaya, kuma ban taɓa samun abokin aikin da ya ba ni haushi kamar Malam Kunne ba. Ba mutum ba ne. Wani ɗan allo ne na gilashi, bai kai faifai girma ba, da igiya da ɗan farantin da ake ɗora wa yaro a ƙirji. Waɗanda suka kawo shi daga Yamai sun ce ƙirƙirarriyar basira ce a cikinsa, wai an sa shi ya saurari zukatan yara dubbai har ya san bugun mai lafiya da na marar lafiya. In ya gama saurare sai ya yi tambayoyi, ya haɗa abin da ya ji da abin da aka faɗa masa, sannan ya nuna launi. Kore, a tafi gida. Rawaya, a dawo bayan wata shida. Ja, a kai wa likitan zuciya. Tsoho Halidu mai gadinmu ne ya raɗa masa sunan, tunda ba shi da komai sai kunne, sunan kuwa ya bi shi.

Abin da ya haɗa ni da shi magana ce. Hausar rediyo gare shi, irin ta masu karanta labarai, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Mace ta taho da ƙafa daga bakin kogi, gumi na zuba, sai ya ce mata barka da zuwa, yana fatan tana cikin ƙoshin lafiya. Mata su yi ta dariya, wasu su tsaya su amsa masa gaisuwa dalla-dalla, layi ya kai ƙofar waje. Mako biyu na jure, daga nan na kashe masa murya. Ni nake tambaya, ni nake danna i ko a'a, aiki ya yi sauri. Akwai kuma wani haushin da ban faɗa wa kowa ba: sau biyu yana jin abin da kunnena bai ji ba, kuma duka biyun shi ne da gaskiya.

Makon da nake ba ku labari, likitar zuciyar yara, Dakta Khaulat, za ta zo daga Yamai ranar Alhamis da na'urar hoton zuciya. Kwana ɗaya za ta yi, yara ashirin za ta duba, kuma sai waɗanda Malam Kunne ya nuna wa ja. In ta tafi, sai bayan wata shida. An ce mini in aika sunaye kafin la'asar ta Talata. Da hantsin Talatar ina da suna goma sha tara, gurbi ɗaya ya rage.

Talata kuwa ranar kasuwa ce, kowa ya san yadda asibiti ke cika. Duk wadda ta kawo kifi ko shinkafa sai ta biyo da yaro a duba mata, tunda kuɗin mota ɗaya ne. Cikin wannan hayaniyar mutum uku suka shigo daga Tunuga. Akwai tsohuwa Hawwa, mai sayar da bandar kifi, wadda muryarta ta riga ta shigowa. Akwai surukarta Zeinabu, doguwa marar magana, da jariri a bayanta. Sai 'yar yarinya siririya mai kimanin shekara tara, sunanta a karne, wato katin asibiti, Rahama. Rigakafin jaririn ya kawo su, amma dokarmu ita ce duk yaron da ya taka ɗakin nan a saurari ƙirjinsa.

Na ɗora wa Rahama faranti, ta ɗan zabura don sanyinsa, ta yi murmushi. Malam Kunne ya ja layukansa a allo, ya rubuta cewa ya ji ƙara a wata ƙofar zuciya ta hagu, matsakaiciya. Na sa nawa kunnen na ji ta can ƙasa-ƙasa, kamar ana tankaɗen gari a gidan maƙwabta. Irin wannan ƙara ba ta isa hukunci ba, yara da yawa suna da ita kuma lafiyarsu lau. Shi ya sa tambayoyin suke da nauyi.

Na juya ga Zeinabu, na tambaye ta ko yarinyar tana saurin gajiya. Ta kafa ido ga hoton sauro da ke manne a bango, ta ce ba ta kula ba. Na ce ko ta taɓa ciwon maƙogwaro mai tsanani, ta ce a tambayi Inna, wato uwar mijinta. Ciwon gaɓoɓi fa? Ta gyara goyonta, ta ce ita dai ba ta sani ba. Tsohuwa Hawwa kuwa kamar jira take. Ta ce jikarta ba abin da ke damunta sai ragwanci, in an ce a ɗebo ruwa ƙafa na ciwo, in an ce tuwo ya nuna ita ce gaban layi. Rahama ta murguɗa mata baki, ta ce ai gado ta yi. Ɗaki ya ɗauki dariya, ni ma na yi, ina yi ina danna a'a har sau shida.

Allo ya nuna rawaya. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe ya ƙara da cewa amsoshin ba su dace da abin da ya ji ba, a sake tambayar wanda ya fi sanin yarinyar. Na ce a raina, ji mai wayo, wa ya fi uwa da kaka sanin yaro? Na rubuta musu randebu, wato ranar dawowa, bayan wata shida, na miƙa karne, na ce mai bi.

Allah ya sa ƙishirwa ta kama ni. Na fito randa bakin baranda, ina shan ruwa ina kallon su suna ratsa fili za su fita gudron, titin kwalta. Hawwa a gaba da kwandonta, Zeinabu a tsakiya, Rahama can baya. Da suka kai gindin dogon yaro Zeinabu ta tsaya ta kwance majanyi ta sake ɗaurewa, yarinyar ta zauna a kan saiwa. Suka ci gaba. Wajen mai ƙosai Zeinabu ta duƙa tana kakkaɓe takalminta, yarinyar ta jingina da bango. A karo na uku ne na gane abin da nake gani. Ba yarinyar ke fara tsayawa ba, uwar ce. Ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba, amma ta san daidai inda numfashin 'yarta zai ƙare, sai ta nemi abin yi kafin a kai wurin.

Na ajiye moɗar ruwan. Rahama 'yar fari ce. Kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Kaka kuma aikinta tsokanar jika, ko jikan na kwance. Na tambayi wadda ba ta da damar magana, na rubuta amsar wadda wasa take yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni kaina 'yar fari ce. Mahaifiyata ta yi shekara arba'in da ɗaya tana ce mini "ke", har ta koma ga Allah ban ji sunana Sa'adatu a bakinta ba. A ce ni ce na manta, kuma allon gilashi ne ya tuna mini. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Na ƙwala wa Halidu kira ya dawo mini da su. Gwiwarsa ba ta gudu, amma yana da usur tun zamanin da ya yi aiki a tasha, ya busa shi har 'yan kabu-kabu uku suka tsaya suna laluben takardunsu. Matan suka dawo, Hawwa na faɗa cewa kifinta zai rasa mai saye.

Aikin farko shi ne raba tsohuwa da ɗakin. Na dube ta da kyau, na girgiza kai, na ce idonta bai yi mini ba, yaushe rabon da a auna mata tansiyo, a ga ko jini ya hau? Nan take ta manta da kifi. Ta ce dama tun bara take jin wani abu na yawo a ƙeyarta, ba mai kula ta, kowa ta yara yake yi. Na haɗa ta da Nasiru abokin aikina, na raɗa masa ya auna hannu biyu, ya sake aunawa, sannan ya tambaye ta yadda ake bandar kifi tun daga farko. Rahama kuma na ce ta jira a waje.

Muka rage ni da Zeinabu. Na sassauta murya na sake tambaya, na ɗauka yanzu za ta saki jiki. Ina. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce, "Madam, ke ma uwa ce gare ni. Ba a yi."

Na faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Na ce akwai ƙara a zuciyar yarinyar, mai yiwuwa ba komai ba ce, mai yiwuwa kuma ciwo ne da ke cin ƙofar zuciya a hankali. Likita na zuwa jibi, gurbi ɗaya ya rage, la'asar na yi zan rufe takarda. Hawaye ya cika idonta, leɓenta ya motsa, amma magana ta ƙi fita. Ba taurin kai ba ne, na san abin. Harshen ne ba ya ɗagawa.

Sai idona ya faɗa kan Malam Kunne a bisa tebur. Na jawo shi, na kunna muryar da na kashe wata huɗu da suka wuce. Ko fushi bai yi ba, ya ce mini barka da zuwa.

"Zeinabu," na ce, "kunya gaban mutane ake yin ta, ko ba haka ba? To wanga ba mutum ba ne. Ba ɗan'uwan mijinki ba ne, ba shi da gari, ba shi da dangi, ba shi zuwa biki balle ya kai labari. Ba surukin kowa ba ne."

Ta saci kallonsa. "Yana gani?"

"Kunne kaɗai gare shi."

"In na hwaɗi, wa za ya ji?"

Na ce abin da ya shafi ciwo zai rubuta, ni da likita mu karanta, amma muryarta ba za ta fita ɗakin ba. Da zuciya ɗaya na faɗa, Allah ne shaida. Na buɗe sabon shafi, na ajiye mata allon a kan cinya, na fita na jawo ƙofa.

A waje na tarar da Rahama zaune a benci, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin. Sai lokacin na tuna gilasai uku na tagar sun fashe tun iskar damina, labule ne kawai a wurin. Na zauna da niyyar in ce mata mu koma wancan gefen, amma na ga yadda ƙirjinta ke ɗagawa, na ce bari ta ɗan huta tukuna. Kafin ta huta aka fara magana a ciki. Na san ya kamata in tashi. Ban tashi ba, Allah ya yafe mini.

Zeinabu ta fara da gaisuwa, yadda ake yi wa baƙo mai daraja. Ta ce masa ina wuni, ina gajiya, ina mutanen gida. Ya amsa da Hausarsa ta rediyo cewa ba shi da mutanen gida, amma ya gode da tambaya. Na ji ta yi 'yar dariya, ta ce Allah sarki. Daga nan ya tambaye ta ko yarinyar tana saurin gajiya.

Da ta buɗe baki kuwa, sai ka ce an fasa tulu. Ta ce daga bakin kogi zuwa gida, da can wuri biyu yarinyar ke hutawa, yanzu biyar, ta kuma lissafa su ɗaya bayan ɗaya har da turken awakin maƙwabcinsu. Ta ce ana saura mako uku a yanke shinkafa maƙogwaro ya kama ta, kwana huɗu ko kunu ba ya wucewa. Ana cikin yankan gwiwar dama ta kumbura, ta saɓe, kumburin ya koma idon sawu na hagu, daga can ya hau gwiwar hannu. Ta ce yarinyar a ɗakin kakarta take kwana, amma bango ɗaya ne tsakaninsu, ita kuma ta matsar da gadonta jikin bangon da sunan gudun yoyo, don ta riƙa jin tarinta. Ta san ba ta iya kwanciya sai ta tara tsummoki ta jingina. In an aike ta ruwa, takan bi ta baya ta rage bokitin ta ce ya yi datti. Da ta lura takalminta na matse ta da yamma, ta sayi babba a kasuwar Malanbil, ta ba Inna ta ce tsintar araha ta yi, ko akwai wanda zai yi wa.

Wani wuri ta sako kalmar yaren Dendi, Malam Kunne ya ce bai gane ba, ta yi masa bayani a hankali kamar mai koya wa baƙo hanya. Shi kuma ba ya katse ta, ba ya duban agogo, ba ya cewa mai bi. Wannan haƙurin nasa da ya ishe ni, yau ga ranarsa.

Rahama ba ta motsa ba. Yaya take ce wa uwarta, kamar yadda 'ya'yan fari da yawa ke yi, kuma na tabbata har ranar nan tana ɗaukar kanta 'yar Inna ce kawai. Ta raɗa mini, "Madam, Yaya ce ta sayi takalmin?" Na ɗaga mata kai. Ta dubi ƙafafunta ta daɗe.

Can Malam Kunne ya ce ya gode, saura abu ɗaya. Don ya ajiye bayanin daidai, mene ne sunan yarinyar? Ni ce na buɗe sabon shafi ban rubuta suna ba, kuma wallahi ba da gangan ba. Amalanken jaki ya wuce a gudron, mai ƙosai ta sallami mutum biyu. Sannan wata 'yar murya ta fito, ko ni da ƙyar na ji.

Shi kuwa marar kunya ya ce bai ji sosai ba, a maimaita.

"Rahama," in ji Zeinabu. Ta ja numfashi. "Rahamatu. Rahama tawa."

Yarinyar ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, ni da nake da jikoki huɗu. Na yi wa kaina kukan da na yi shekaru ina ajiyewa, na kuma yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba.

Da na shiga, allo ya yi ja. Ban taɓa murnar ganin ja ba sai ran nan. Na rubuta suna na ashirin na aika, saura rabin awa a kira la'asar. Zeinabu ta fito ta ga bencin, ta ga tagar, ta ga idona. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi wani wuri can sama da kan 'yarta ta ce, "Ke, tashi mu tahi." Hawwa ta iso tana shelar cewa tansiyonta ya fi na budurwa kyau, kuma yaron nan Nasiru yana da hankali, shi kaɗai ya taɓa tambayarta sirrin banda.

Ranar Alhamis Dakta Khaulat ta ɗauki hoton zuciyar. Ta ce ciwon maƙogwaron nan ne ya taɓa ƙofar, tana ɗan yoyo, amma an zo da wuri. Ba sai an yi aiki ba, allura ce duk bayan mako huɗu ba fashi, da ƙwayoyi na ɗan lokaci, kuma za ta sake dubawa in ta dawo. Ta ce da an ƙara wata shida da labarin ya bambanta. Ta daɗe tana karanta bayanin, ta ce rabon da ta ga tarihin ciwo cikakke haka har ta manta, wa ya ɗauka? Na so in ce ni. Na nuna mata tebur na ce shi ne, da uwar yarinyar. Hawwa kuwa ta ce ita dama tun farko ta san ba ragwanci ba ne, lokotoro ma, wato likita, ga shi ta faɗa.

Tun daga ranar ban sake kashe masa murya ba. Layi ya koma kai wa ƙofar waje, na haƙura. Halidu ya toshe tagar da kwali, ni kuma na ɗauke bencin da hannuna na mai da shi can gindin dogon yaro. Yanzu in na ga uwa ta kafa ido ga hoton sauro, ba na ɓata bakina, tambaya ɗaya nake yi, ko na fari ne. Labari ya bazu har garin Karakara, mata na zuwa suna cewa a bar su da Malam su kaɗai. Halidu ya ce nan gaba kaɗan zai fi unguwarzoma sanin sirrin gari.

Rahama na zuwa allurarta duk wata. Ta yi kumari, wuraren hutunta sun koma ɗaya, shi ma Hawwa ta ce don akwai magarya a wurin ne. Zeinabu ke rako ta, kuma har yau in ta shigo cewa take, "Ga ta nan, 'yar Inna ce," tana kallon bango. Ban sake jin sunan a bakinta ba, ban kuma sa ran ji ba.

A wata na biyar, bayan na cire allura, uwar na waje, Rahama ta ce in ba ta Malam Kunne za ta tambaye shi abu. Na miƙa mata. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta kai bakinta kusa da allon ta ce, "Ka tuna abin da Yaya ta ce, can ƙarshe?"

Ya amsa cewa shi abin da ya shafi ciwo kaɗai yake ajiyewa, sauran maganar ba ya riƙe ta.

Ta yi ɗan tunani, ta mayar mini da shi, ta sauko daga gado tana laluben takalminta da ƙafa.

"Ba komai," in ji ta. "Ni na riƙe."